Maƙwabci ya tashi ya bar karyarsa a ƙofarmu: in ɗauke ta, ga aiki ga ƙaramar yarinya?

Maman Ɗiya, Share Zamna:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san sha'anin karnuka. Wani maƙwabcinmu a nan Damagaram an sauya masa wurin aiki zuwa Yamai, ya tafi ya bar karyarsa. Wata biyu ke nan tana gararamba a unguwa, da dare ta zo ta kwanta a ƙofar gidanmu. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, kunnuwa cike da kaska, amma ba ta taɓa yi wa kowa gurnani ba. Ɗiyata mai shekara 6 ta ƙwallafa rai a kanta, ni ma ina son mai gadi don maigida ya fi zama a hanya. Sai dai ƙarfe 7 da rabi nake fita biro, ba na dawowa sai bayan la'asar. Da rana yarinyar tana gida da ƴar ƙanwata mai shekara 16. Babu takardar da ke nuna an taɓa yi wa karyar allura. Da me zan fara, kuma anya ba ganganci ba ne ga mai ƙaramar yarinya?

Ma'aikacin kiwo:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗi ɗaya da ba a sassauta shi: karyar ta shigo gida, yarinyar kuma ba za ta taɓa ta ba sai an yi makonni. In kin san ba za ki iya tsare wannan ba a awannin da ba ki nan, to ki ci gaba da aje mata abinci a waje kawai.

Dalili shi ne ciwon haukan kare. Karen da ya yi wata biyu a titi ya yi faɗa da wasu karnukan, ko kin gani ko ba ki gani ba. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya a jikinsa daga mako biyu zuwa wata uku, wani lokaci har wata shida, yana ci yana kaɗa wutsiya lafiya lau. Allurar rigakafi kuma kariya ce ga gaba, ba a dogara da ita wajen warkar da wanda ya riga ya ɗauka. Don haka ki fara duba jikinta sosai, musamman wuya, kunne da cinyoyi. In akwai sabon rauni na cizo, kada ki shigo da ita sai likitan dabbobi ya gani ya yanke.

In babu, a makon farko ki kai ta ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa, a yi mata allurar hauka. Ana yin ta tun kare na da wata 3, a maimaita duk shekara. Ki tsaya ki ga daga firiji aka ciro maganin, domin tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake aje shi, wanda ya sha zafin Damagaram a cikin jakar wani mai yawo da babur ruwa ne kawai. Ki karɓi karne, wato takardar allura, mai kwanan wata da hatimi. Ranar da ta yakushi ɗan maƙwabta, wannan takardar ce za ta raba ki da rigima. Jiki na buƙatar kamar mako huɗu kafin kariyar ta kama, wannan ne mafi ƙarancin lokacin da za ki raba ta da yarinyar. Bayan nan ma a sa mata ido har wata shida. Alamun da za su sa a kulle ta a kira likita nan take: hali ya sauya haka kawai, dalala, muƙamuƙi ya saki, muryar haushi ta dishe, tana cizon itace ko ƙasa, ko tana yi kamar ƙashi ya maƙale mata a maƙogwaro. Wannan na ƙarshen shi ke yaudarar mutane su cusa hannu a baki don cirowa. Kada kowa ya yi.

Shekarunta haƙora za su faɗa. In duk haƙoran manya sun fito, farare tas, ta wuce wata 7 amma ba ta tsufa ba. Wannan ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗan kwikwiyo sai an ciyar da shi sau uku ko huɗu a yini, ga jerin allurai duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, mai zuwa aiki ba ta iyawa. Ita babbar ma ki tambayi allurar haɗi da ke kare zawon jinin nan mai kashe karnuka, wanda likitoci ke kira parbo.

Sai tsutsar ciki, wadda ta fi shafar ɗiyarki fiye da yadda ake zato. Ƙwan tsutsar na fita a kashin kare, ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai kama mutum, yaro ya yi wasan ƙasa ya kai hannu baki. Ke nan wanda ke kwashe kashi kullum ya yanke hanyar. A auna nauyinta tukuna: mutum ya hau ma'auni ɗauke da ita, ya sake hawa shi kaɗai, a cire. Maganin tsutsa fenbendazol miligiram 50 ne ga kowane kilo, kwana uku a jere. Faraziƙwantel miligiram 5 ga kowane kilo, sau ɗaya, don tsutsa mai faɗi. A maimaita duk wata uku. Kada ki saya mata ƙatuwar ƙwayar albendazol ta shanu da ake kasawa a kasuwar Dole a ɓantara mata. Ta dabba mai kilo ɗaruruwa ce, kuma albendazol na iya lalata ɓargon kare.

Kaska a cire da hantsaki, a kama dab da fata a ja a miƙe, a jefa a kananzir, kada a murtsuke da farce. Sannan a sa maganin da aka yi don karnuka, irin mai fifronil. Fiya-fiya, maganin feshin gona da baƙin mai duk sun kashe karnuka, suna kuma bin gashin su hau hannun yaro. Farasetamol da ibuprofen ma kada a ba ta. Ki ɗaga leɓenta ki duba dasashi: in fari ne fat maimakon ja-ja, mai yiwuwa kaska ta sa mata ciwon jini, a faɗa wa likita ranar allurar.

Malamar asibiti:

Ƴar'uwa, ni ta fannin yarinyar zan yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yara sun fi shiga haɗari saboda gajarta, cizon a fuska ko wuya yake samunsu, kusa da ƙwaƙwalwa. Sannan suna ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa, ko don kada a kori karen. Ki zaunar da ita ki yi mata alkawari cewa ko yakushi ne ta faɗa, ba duka ba faɗa, kuma ki cika.

Ƴar ƙanwar taki ta haddace wannan, ki rubuta ki manna a bango ma. In an yi cizo, yakushi, ko karyar ta lashi wurin da ke da ƙurji, a wanke da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15 cif, a duba agogo, domin minti 15 ya fi tsawo fiye da yadda hannu ke ji. Da yake famfo a garin nan ba shi da tabbas, a ware bido ɗaya cike da ruwa, da sabulu a gefensa, kada a taɓa shi don wanki. Bayan wankin a shafa betadin, a tafi asibiti ranar, a kira ki a hanya. Ba a jira ki tashi daga aiki. Kada a sa toka, barkono ko gashin karen a raunin, kada a ɗaure shi tamau. Allurar mutum ana yin ta kashi-kashi a ranakun da za a rubuta miki, a cika su duka ko da rauni ya warke. In cizon ya huda fata akwai wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa, ki tambaya, haka ma ta tetanus. Karyar kuma kada a kashe ta ko a kore ta, a kulle ta likitan dabbobi ya bi ta kwana 10 zuwa 15. Amma ba a jiran wannan sakamakon kafin a fara allurar yaro. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Mai gadi da karnuka, Garin Malam:

Hajiya, likitoci sun gama nasu, saura zaman gida. Kafin ki shigo da ita ki yanke mata wuri a tsakar gida da wayar raga, kamar mita 2 da mita 3, tsayi ya kusa kai mutum, don karnukanmu na Sahel dogayen ƙafafu ne, ƙaramar katanga ba ta tsare su. Ƙofar a sa kwaɗo, makulli a hannun babbar yarinyar. Sakata kaɗai ƴar shekara 6 za ta zare ta ranar farko.

Inuwa ita ce babba. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jiki. Ki lura inda inuwa take ƙarfe 2 na rana, ta safiya ba ta da amfani. Gindin dogon yaro ko rumfar zana ya fi rufin kwano. Ƙasan ya zama yashi, siminti yana ƙona tafin ƙafa. Kare mai kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya a yini, da bazara ya ninka. A aje mazubi biyu masu nauyi, irin kasko, a ɗan binne gindinsu, don kwanon roba kifar da shi take yi ƙarfe 9 na safe ta yini da ƙishi.

Ban yarda da ɗaure kare da sarƙa yini guda ba. Sarƙa na naɗewa ta hana shi kai wa ga ruwa, kuma karen da ba shi da hanyar ja da baya shi ne ke cizo in yaro ya matso.

Abinci kada tausayi ya sa ki cika mata kwano. Cikin da ya daɗe da yunwa amai da zawo yake yi. Makon farko kaɗan-kaɗan sau huɗu: ke da safe, ƴar ƙanwarki da rana ta tura kwanon ta ƙarƙashin raga, ke da yamma da dare. Daga baya sau biyu ya isa, jimilla wajen rabin kilo a yini ga mai kilo 15, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda haƙarƙari ke rufuwa. Tuwon gero ko shinkafa zalla ba ya gina kare, kashi ɗaya cikin uku ya zama nama, kifi ko ƙwai. Ki yi magana da mahauci ɗaya ya riƙa tara miki yanke-yanke da kayan ciki, a dafa su sosai. Ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa shi ke sa wa kare tsutsar da ke komawa jikin mutane. Miya mai albasa da tafarnuwa da yawa na lalata jininsa, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.

Lokacinki da za ta ci: kamar minti 20 bayan sallar asuba a zaga da ita da igiya, wani minti 20 da yamma, da kwashe kashi. Ki shigo da ita ranar Juma'a bayan an tashi aiki, ki samu Asabar da Lahadi kina ganin halinta. Kwanakin farko za ta yi lamo, kada ki ɗauka halinta ke nan. Sai ta yi makonni ta ƙoshi za ki san ko tana gurnani a kan abinci. Lokacin da za a haɗa su da yarinyar, ke ce riƙe da igiya, yarinya ta tsaya a gefe karyar ta zo ta shinshina da kanta. Ba runguma, ba kusantar fuska, ba taɓawa in tana ci ko barci. In ta yi gurnani kada a doke ta, gargaɗi ne, in aka hana ta shi wata rana cizon zai zo babu sanarwa. A janye yarinyar kawai. Dokar da ba ta ƙarewa ko bayan shekara: ba a barin su su biyu ba babba.

Malami daga Birni:

Malama, Allah ya saka da tausayin dabba. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta, kiwo da gona, malamai da yawa sun haɗa gadin gida da su idan akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a mazubi ana wanke shi sau bakwai. Ki ware mata kwanonta, wurinta ya yi nesa da randa da inda ake salla, kada ta shiga ɗaki. Ki kuma sanar da maƙwabta, kada ki sake ta da dare ta firgita masu zuwa asuba ko almajirai. Ki nemi mai ita ta waya ya ce ya bar miki, don kada gobe a yi jayayya.

Maman Ɗiya, Share Zamna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, tambaya ɗaya ta rage: tun da mace ce kuma ta daɗe a waje, in tana da ciki fa?

Ma'aikacin kiwo:

Yana yiwuwa ƙwarai, Hajiya. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma a ramammiya ba ya fitowa fili sai bayan mako biyar, lokacin da nonuwa ke kumbura. Ki faɗa wa likita wannan kafin ya ba da kowane magani, don wasu ba a ba mai ciki. In ta haihu a gidanki, yarinyar ta yi nesa da wurin gaba ɗaya, uwa mai shayarwa tana cizon ko wanda ta saba da shi. Ƴaƴan su yi mako 8 tare da ita kafin a rabar. In ba ta da ciki, ki tambayi likitan da ke aikin cire mahaifa, a yi bayan ta murmure ta yi ƙiba. In ba a samu ba, duk lokacin barbara, kamar sau ɗaya ko biyu a shekara, a kulle ta mako uku cur, don karnukan unguwa za su taru a ƙofarki suna faɗa. Kada ki yarda da allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa karnuka, tana tara ruwan miki a mahaifa, sai an yi aikin gaggawa.