Yawon Sallah a bakin tekun Badagry: wa ruwa ya taɓa ja, wa ya kawo ɗauki?

Sakataren matasa:
Assalamu alaikum jama'a. Yaran unguwa sun fara karo-karon kuɗin mota don zuwa bakin teku washegarin Sallah. Bara mota biyu aka cika, bana sun ce uku, har da baƙin da za su zo daga Alaba Rago da Agege. Iyaye biyu sun tare ni a ƙofar masallaci sun ce in hana. Ni ba ni da ikon hana ɗan kowa, kuma in aka hana su tafiya tare, ɗai-ɗai za su sulale, abin da ya fi muni ke nan. To, duk wanda ruwan nan ya taɓa ja, ko aka ja wani a gabansa, ya faɗa mana yadda aka yi da kuma wanda ya kawo ɗauki. Ban da "an ce". Abin da idonka ya gani muke so.

Ɗan Yawuri:
Wa alaikumus salam. Bari in fara, tunda ni ne na fi kowa cika baki. A bakin Kwara aka haife ni, tun ban kai makaranta ba nake tsallake ruwa da wando a ka. Shekarata ta farko a nan na bi abokai muka je, na ce musu wannan ai wasan yara ne. Na duba na zaɓi inda ya fi kwanciya, wurin da igiyar ruwa ba ta fashewa, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Ashe nan ce ƙofar da ruwan da ya hau gaɓa yake bi ya koma ciki. Ban kai ƙirji ba na ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Kafin in ankara, bishiyoyin kwakwa sun koma ƙanana.

Na yi ta bugun ruwa ina nufin gaɓa, kamar mai gudu a mafarki. Ga ruwan gishiri, in ya shiga maƙogwaro ba irin namu ba ne, amai yake sa ka. Wani dattijo Ba'egun, ɗan ƙabilar Egun ta yankin nan, da ke gyaran taru ne ya hango ni. Bai ma shigo ba da farko, sai ya riƙa nuna min da hannu in yi gefe, in bi tsawon gaɓa. Da na yi haka kamar taku ashirin, sai na ji jan ya sake ni, igiya ta fara turo ni waje. Ɗansa ne ya kamo ni a ƙarshe. Na ba shi duk abin da ke aljihun rigata, ya karɓi rabi.

Kogi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda ya dosa. Wannan kuwa fuska biyu gare shi. Mu da muka iya ruwa a gida mu ne muka fi shiga haɗari, don wanda bai iya ba ba ya wuce idon sawu.

Hajiya mai abinci:
Ɗan nan ka yi arziki. Ni shekara tara ina kai shinkafa da wake bakin ruwa ranakun biki, na ga uku, ɗaya ne ya fito da rai. Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙofar shiga. A wani wurin da ba zan kira sunansa ba, akwai mai yankar tikiti, akwai mai karɓar kuɗin ajiye mota, akwai mai karɓar na kujera, ni ma da tukunyata sai na biya. Amma ka nemi mutum ɗaya da aka ajiye don ya sa ido a kan ruwa, ranar da abin ya faru a gabana ban gan shi ba. Ihu muka yi ta yi, mata da yara, har masu kamun kifi suka turo jirginsu.

Mai shayin tasha:
Hajiya gaskiyarki, amma a faɗi ɗaya gefen ma. Na taɓa ganin an kafa jan ƙyalle, ga wani saurayi da usur yana korar mutane, yaranmu ne suka zagaya ta bayan bukkoki suka shiga inda babu kowa don kada su biya kuɗin ƙofa. Wasu kuma sun sha abin da suka sha tun a mota, kowa ya san abin da nake nufi. Wannan ba laifin hukuma ba ne.

Baba mai goro:
Ɗan ƙanena ne. Shekararsa goma sha bakwai, ya zo hutu daga Gusau, bai taɓa ganin teku ba. Ba ma iyo ya shiga ba, hoto ya tsaya a ɗauke shi, ya ba ruwa baya. Igiya ɗaya ta buge ƙafafunsa, ta biyu ta tafi da shi. Abokansa suka kawo min takalmansa da wayarsa bayan la'asar.

An kira lambar gaggawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, sun ɗauka, sun zo. Amma daga gari zuwa wurin akwai tafiya, hanyar yashi ce, kuma wanda ruwa ya ja mintoci kaɗan gare shi. Da suka iso sai maganar neman gawa. Masunta suka ce mana kada mu ɓata ƙafa muna dubawa ta wajen Seme, mu yi gabas, don ruwan gaɓar nan daga yamma yake tura kaya zuwa wajen Legas. Haka kuwa aka yi. Kwana uku muna bin gaɓa, a wani ƙauyen masunta aka same shi. Su suka rufe shi da ganyen kwakwa, suka aiko yaro a babur. Har yau ban san da bakin da na gaya wa uwarsa ba.

Hajiya mai abinci:
Allah ya jiƙansa Baba, ya sa mai ceto ne. Na tuna ranar.

Malamin Islamiyya:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri Baba. Wanda ya nutse yana cikin waɗanda aka yi wa bushara da shahada, amma wannan ba ya ɗauke wa rayayyu nauyinsu.

Bayan rasuwar, mu huɗu muka je wurin kansilan mazaɓarmu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, har ruwa aka kawo mana. Roƙonmu bai wuce allon gargaɗi da Hausa da ajami ba, da mutum biyu masu sa ido ranakun Sallah da Kirsimeti. Ya ce bakin teku harkar jiha ce. Wani ma'aikacin jiha da na sani kuma ya ce mai karɓar kuɗin ƙofa shi ke da alhaki. Da na zauna na bi abin, sai na ga inda ake ɓacewa. Yankin nan kansa majalisun ƙaramar hukuma uku ne: Badagry, Badagry ta Yamma da Olorunda, biyun ƙarshe suna cikin 37 ɗin da jihar Legas ta ƙirƙira a kan 20 na tsarin mulki. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da wuraren shaƙatawa da filaye, har da lasisin kwalekwale. Agajin gaggawa na LASEMA ne, ta jiha. Jiragen ruwa kuwa hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jiha da NIWA ta tarayya, sun daɗe suna shari'a a kansu, har Kotun Ƙoli ta ba NIWA gaskiya a Janairun 2024. A Yulin shekarar kuma kotun ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To yanzu in mun koma, ina ganin muna da abin faɗa, don albashin mai usur biyu ba gadar sama ba ce.

Ɗan Gaya, direban Kwatano:
Malam, ka taɓo jirgi, bari in ƙara. Masu zuwa Gberefu ganin hanyar da aka bi da bayi, sai sun tsallaka ruwan da ke gaban gari a kwalekwale mai inji. Da safe kowa da rigar kariya, ana ƙirga mutane. Dawowa ce matsala. Mun taɓa yin latti, duhu ya fara, kowa na tsoron a bar shi, muka cika jirgi har ruwa na taɓa yatsuna in na riƙe gefe. Riguna ba su isa ba, tawa ma igiyarta a tsinke take. Babu abin da ya same mu sai alheri, amma tun daga ranar in la'asar ta yi ina wannan gefen.

Mai shayin tasha:
Ku kuma duba watan da za a je. Da damina ruwan ya fi hauka. Ina Obalende a Agustan 2012, dab da ƙaramar Sallah, da teku ta tashi da dare ta share bukkokin gaɓar Kuramo a Victoria Island, aka yi maganar mutum 16. Waɗannan ko ruwan ba su shiga ba, a kwance suke.

Ɗan Yawuri:
Sakatare, in dai tafiyar ta tabbata, ni zan bi su. Dattijon nan yana nan da rai, nakan kai masa goro. A cire wani abu daga kuɗin mota a ba 'ya'yansa biyu su zauna da mu tun daga saukarmu har tashi, su nuna inda za a tsaya. Sun fi kowane allo sanin wurin, don ƙofar ruwan ma canja wuri take yi.

Baba mai goro:
Ni dai ba zan ce a je ba. Amma in za a je, a bar ni in yi wa yaran magana kafin mota ta tashi. Takalman suna nan a shagona.

Sakataren matasa:
Ranka ya daɗe Baba, kai za ka fara magana. Na rubuta: masunta biyu a kuɗinmu, kowace mota da babba ɗaya mai riƙe sunaye, kowa ya adana lambobin gaggawa 112 da 767 a wayarsa, babu tsallakawa Gberefu bayan azahar, ƙarfe huɗu mota ta juyo. Mai shayi, maganar abin da ake sha a mota, kai za ka tsaya a ƙofa tunda ka san fuskokinsu. Malam, takardar kansila fa? In za ka rubuta, zan bi shago-shago in karɓi sa hannu. Wa zai raka mu ranar Talata?

Hajiya mai abinci:
Ku sa da ni. Rasit ɗin kuɗin ƙofa na shekara tara suna cikin wata leda a ƙarƙashin gadona, zan taho da su.