Musayar Waƙa: Daga Ina "Double" Ta Taso?

Malama Ta-Zariya:
Ƙwar biyu za mu yi yau, amsa-amon "ki". Wanda ya saki amsa-amon ko ya maimaita kalma a ƙarshen baiti zai biya tara.

Sallama gare ku masu alƙalami,
Yau na zo muku da ɗan aiki.

Bature kan ce "double" da bakinsa,
In abu guda ya zamo ninki.

Gadon gidansu ce ko kuwa aro?
Ku warware mini ita daki-daki.

Ɗan Autan Gwale:
Yaya, wannan ai ba ta da wuya,
Ta Ingila ce, ba abin mamaki.

A gidan kallon ƙwallo mun sha jin ta,
Kofi biyu kaka guda, sai biki.

Ko mai shayi ka ce masa dabul,
Taliya biyu zai jefa a girki.

Malam Na-Damagaram:
Ƙanena, wannan gudu ya yi yawa,
Tsaya ka ji, ɗan taka birki.

A 1066 Wiliyam na Nomandin Faransa
Ya haye teku da rundunar dawaki.

A Hestin aka gwabza, Harold sarkin Ingila ya faɗi,
Baƙo ya hau gado ya zama sarki.

Faransanci ya zamo harshen fada,
Da shi ake shari'a, da shi ake mulki.

Ƙarni na 13 an gan ta a rubuce,
"Doble" ta Faransa ta shige ciki.

Nasu na gado, "twofold" da "twice",
Ba su mutu ba, suna nan a baki.

Gwaggo Ta-Katsina:
Malam, ka kawo mu rabin hanya ka sauke mu. Bari in ƙarasa da ku.

Faransa ma gada ta yi daga Rum,
"Duplus" na Latin ne tushen kirki.

"Duo" biyu ne, wannan a fili yake,
Wutsiyar ce ke sa a yi raki.

Ba "plus" na tarawa a lissafi ba ne,
Wanda ya ce haka ya faɗi, ba maki.

Ninkewa take nufi, irin ta zane,
Ki kama gefe ki haɗa da na kishiyar sashi...

Kai, amsa-amon ya kuɓuce mini. To ga shi a zube: ki ninke zane sau ɗaya, tsawonsa ya ragu, kaurinsa ya zama biyu. Mu ma da fi'ili guda muke ninke tufa mu ninka riba.

Malam Na-Damagaram:
Gwaggo, ki bar ni in ɗora guda,
Daga Girka, ƙasar masu sulke da takobi...

Ni ma na zame. Ina nufin difloma: a Girkanci ma'anarta takarda ninkakkiya. Sojan Rum da ya gama wa'adinsa, allunan tagulla biyu ake ɗaure masa tare, shaidar haƙƙinsa a rubuce a ciki. Diflomasiyya ma daga wannan kalmar ta fito.

Ɗan Autan Gwale:
Manya biyu sun zame a gabana,
Ni ɗan ƙarami ban yi ko tsaki.

Baƙon da ya shekara 800 a gari,
Wa zai ce masa bai da ɗaki?

Har sunan harafi ta ba su, W,
U biyu ne suka haɗa jiki.

Malam Na-Damagaram:
A makarantunmu V biyu muke ce masa,
Dubi ƙafarsa, tsini ne ba lanƙwasa.

Malama Ta-Zariya:
Malam, "sa" ka kawo mana, ba "ki" ba. Zamewa ta biyu ke nan, tararka katin waya biyu. Gwaggo ɗaya. Auta, kai ne za ka ba da amsa-amon gobe.