Haɗin abarba da kwakwa: me ke sa shi ɗaci?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum. Lemon nan na rumfunan tiki na Amurka (mashaya masu ado irin na tsibiran Pacific), na abarba da kwakwa, ake so a haɗa ba giya don sayarwa ranar kasuwa. Amma da an zuba madara sai ya tsinke, ya yi ɗaci. Ina matsalar take?

Malam Tela:
Wa alaikumus salam. Laifin ɗanyar abarba ne. Akwai sinadari a cikinta mai narkar da furotin ɗin madarar shanu, shi ke kawo ɗacin, kuma tsaminta ke tsinka madarar. Ka tace ruwan abarbar, ka ɗora a wuta ya tafasa, ya huce sarai kafin ka haɗa. Tafasa na kashe sinadarin.

Maman Hafsa:
Ɗan'uwa, ka ma ajiye madarar gwangwanin nan, asalin haɗin da madarar kwakwa ake yi. Ka kankare kwakwa ɗaya, ka zuba ruwan ɗumi kofi biyu, ka murza sosai, ka matse a kyalle mai tsabta. Ruwan abarba kofi uku, madarar kwakwa kofi ɗaya, lemon tsami rabi, sukari daidai baki. 'Yar citta kaɗan ba laifi.

Idan ka sa ƙanƙara kai tsaye, man kwakwar zai daskare ya taso sama kamar kitse. A cikin kula za ka jera robobin, ƙanƙarar a gefe, ka girgiza kafin ka miƙa.

Malam Tela:
Kuma a zafin Afrilu ba ya kwana, Hajiya. Ya haɗa iya na yini.