Kuɗin nazare ya fi ƙarfina, ga aiki ga ɗiya biyu: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, aurena ya mutu shekara ɗaya da ta wuce. Ɗiya biyu ke hannuna: mace mai shekara 4, sai namiji mai wata 15 da bai bar nono ba. Ina aiki a wani kantin magani wajen Gawon Nama, ƙarfe 8 zuwa 5, albashina dubu 60. Makarantar da yarinyar ke zuwa, bara dubu 25 nake biya a zango, bana sun ce dubu 42, ban da littattafai da yunifom, kuma ƙarfe 1 suke tashi. Ƙaramin kuwa wata maƙwabciya ke riƙe min, ga shi ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin kabu-kabu kaɗai na cin kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin, don sau huɗu nake hawa a rana. Innarmu ta rasu, Baba na ƙauye wajen Bodinga, ya tsufa.

Uban yaran yana da sana'a, amma sai ya ga dama yake aiko da wani abu. Ina tsoron in matsa masa ya ce in ba shi ɗiyansa. An ce in ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, akwai wata mai shekara 11. Wallahi barci ya ƙaurace min. Ku ba ni shawara.

Wata malamar firamare daga Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Batun yarinya mai shekara 11, don Allah ki bar shi. Ita ma raino take buƙata. Ki tuna zafin Sakkwato a watan Afrilu, sama da digiri 40, ki bar mata jariri da risho da ƙofa a rufe har biyar na yamma? In wani abu ya faru ba za ki yafe wa kanki ba. Ita babbar ɗiyarki kuma, ki leƙa firamaren gwamnati da ke kusa da ke, da yawa suna da ajin share fage na ƙananan yara, ba a biyan kuɗin zango. Cunkoso akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma 'yar shekara 4 abin da take bukata wasa ne da waƙa da baƙaƙe, kuma rabin wannan ke za ki yi mata bayan magariba.

Wani magidanci daga Runjin Sambo:
'Yar'uwa, ni maganar uban ce ta tsaya min a rai. Kowa na neman yadda za ki matse dubu 60, alhali nauyin nan ba naki ba ne tun farko. Ci da sha da sutura da magani na ɗiya kan uba suke, ko da aure ko babu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ke kuma yanzu haka shayarwa kike. Tsoron da kike ji ma, ki je ki tambayi malamai: a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kamar yadda yake a littafin fiƙihu na Risala, riƙon ɗiya bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In kin sake aure, riƙon wajen danginki mata yake fara komawa. Don kin nemi haƙƙinsu ba zai zama hujjar ƙwace su ba.

Kada ki fara da kotu. Ki sa Baba ko kawunki ya sami magabatansa, a yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta, a sa shaidu. In ya ƙi, ga Hizba, ga kotun shari'a. Mu maza mun san masu yin haka, kunyar manya kawai suke ji.

Wata 'yar kasuwa:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara. Ni na bi wannan hanyar, alƙali ya yanka, ya biya wata uku ya daina, na koma ina zarya. Ki nema, haƙƙin yara ne, sai dai kada ki gina lissafinki a kansa tukuna.

Wata dattijuwa daga Mabera:
Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kike neman halal. A layinmu mata uku masu aiki suka haɗa kuɗi suna ba wata gwauruwa mai hankali, tana riƙe musu yara biyar a gidanta, kowa na kawo abincin ɗanta. Ita ta samu na cefane, su sun samu kwanciyar rai. Ki tambayi matan Islamiyyar unguwarku, ba za a rasa irinta ba. Kafin ki ajiye yaro, ki je da kanki ba tare da sanarwa ba, ki duba ko akwai rijiya a buɗe, ki ga yadda take da nata jikokin.

Wani ma'aikacin ofis:
Ƙari kaɗan: dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ki roƙi mai kantin cikin ladabi ya haɗe miki su awa ɗaya da azahar, ki ɗauko ɗiyarki daga makaranta a ciki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa ɗauko 'yar aikin. Jiya na kira kawuna, kuka ya hana ni ƙarasa magana, amma ya ce Juma'a bayan masallaci zai je gidan su uban yaran. Inna ta Mabera, don Allah ki yi wa admin magana ya haɗa mu, ina son in ga matar nan kafin maƙwabciyata ta sauka.