Ina kalmar "caji" ta taɓa rikita ku?

Mai gyaran waya, Kano:
Assalamu alaikum. Kullum ina cewa caji, nufina wuta a batir. Da aka kama ƙanena kan rigimar fili, a caji ofis ɗan sanda ya ce gobe za a yi "charging" ɗinsa. Na tambaya nawa ne, don na ɗauka kuɗi ake nufi. Ashe tuhuma ce za a kai shi kotu. Ban runtsa ba daren nan. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Uwar biyu, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ni a asibiti ne. Likita ya rubuta "discharge" a katin Baba, Baba ya ji caji a ciki, hankalinsa ya tashi, ya ce ba mu da sauran ko kwabo. Sai da wata nas ta yi masa bayani da Hausa cewa sallama ce. Ya kamata ma'aikata su riƙa fassara wa dattawa.

Direban tirela, Maraɗi:
Mu nan idan an ce "charger" da Faransanci, lodi ake nufi. Na daɗe ina mamakin abin da ya haɗa buhunan albasa da batir.

Malamin Turanci, Zariya:
Direba, naka ne asalin. Turanci ya aro kalmar daga tsohon Faransanci a wajen ƙarni na 13, shi kuma daga Latin "carricare", wato loda wa amalanke kaya. Amalanken shi ne "carrus", inda "car" da "cargo" suka fito. Duk sauran ɗora kaya ne: a ɗora maka farashi, a ɗora maka laifi, a ɗora maka amanar wuri ka zama "in charge", a ɗura wa bindiga albarushi. Ta wutar lantarki ce ta zo a baya, a ƙarni na 18, zamanin gwaje-gwajen Benjamin Franklin. Hajiya, "discharge" ɗin Baba sauke kaya ne. Ɗalibaina ba su ƙara ruɗewa ba tun da na fara koyar da ita ta hanyar lodi.

Mai gyaran waya, Kano:
Allah ya saka, Malam. To amma a ranar sun caje aljihun ƙanen nawa. Shi ma lodin ne?

Malamin Turanci, Zariya:
A'a, Bature "search" yake cewa a nan. Yaya aka ƙare da shari'ar?

Mai gyaran waya, Kano:
An yi sulhu a gaban mai unguwa, ya dawo gida.