Wasa Talatin Ko Baiwa? Gardamar Zaɓen Kwatabak

Kawun Houston: Salamu alaikum jama'a. Afrilu na ƙaratowa, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), za su zauna zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i. Kafin a fara ruɗa mu da bidiyon yara suna jifa cikin gajeren wando, ga tawa: duk kwatabak (mai jifan ƙwallo da ke jagorantar hari) ɗin da bai fara wasa talatin a jami'a ba, ɗaukarsa cikin goman farko cinikin biri a sama ne. Ba ni na ƙago ba, ma'aunin tsohon koci Bill Parcells ne: yaro ya shekara uku da shi ake fara wasa, ya gama digirinsa, ya fara wasa 30, ya ci 23, sannan kashi 60 cikin ɗari na jifansa ya isa hannun mutanensa.

Ɗan Gusau: Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka, amma wannan sikelin ya yi tsatsa. Josh Allen a jami'ar Wyoming kashi 56 kacal yake isarwa. Da an bi Parcells, ko kallonsa ba za a yi ba. Buffalo suka ɗauke shi na 7 a 2018, a kakar 2020 ya kai kashi 69, a kakar 2024 aka ba shi gwarzon ɗan wasa na shekara. Saiti ana koya wa yaro. Ƙarfin damtse da tsayi da gudu kuwa daga Allah ne, babu kocin da ke sayar da su.

Kawun Houston: Ɗana, ka kawo Allen guda ɗaya, bari in zaga da kai maƙabarta. A 2017 Chicago sun ba da kaya suka matsa daga na 3 zuwa na 2 don Mitch Trubisky, yaron da wasa 13 ya fara a North Carolina. A 2021 San Francisco sun zuba zaɓin zagayen farko har uku a kan Trey Lance, wasa 17 a North Dakota State, jifa 318 duk rayuwarsa ta jami'a. Bayan shekara biyu suka miƙa shi ga Dallas a kan zaɓin zagaye na huɗu. A 2023 Indianapolis suka ɗauki Anthony Richardson na 4, shi ma wasa 13 a Florida. Ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.43, kowa ya riƙe baki. A kakar 2024 ko rabin jifansa bai isa hannu ba. Duk irin maganarka aka yi a kansu: ai za a koya masa.

Na Maraɗi: Ku yi mini haƙuri, ni sabon shiga ne, bara na fara kallon wasan nan. Me ake nufi da "fara wasa"? Kuma wannan gudun a ina ake yin sa?

Malamin Lissafi: Barka da zuwa ɗan'uwa. Kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta tsayuwar masu tsaro, ya zaɓi wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Mutum ɗaya ne ke riƙe wannan gurbin, saura na zaune a benci, don haka "fara wasa" na nufin shi koci ya damƙa wa ragama tun daga busa usur. Gudun kuwa a birnin Indianapolis ake yi wajen ƙarshen Fabrairu, taron awo da gwaji da suke kira Kombain. Ana auna tsayi, nauyi, tsalle, har faɗin tafin hannu.

Na Maraɗi: Tafin hannu? Kamar masu duba?

Hajiyar Columbus: Wallahi ba su da maraba. An auna na Joe Burrow inci 9, aka yi ta surutu wai ƙwallo za ta riƙa suɓuce masa. A kakarsa ta biyu ya kai Cincinnati Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofin NFL. Tom Brady kuwa gudun nan ya yi shi cikin daƙiƙa 5.28, aka bar shi har na 199 a shekarar 2000, kwatabak shida aka ɗauka kafin shi. Kofi bakwai ya tara.

Malamin Lissafi: Kawu, ni inda nake da ja da kai shi ne yadda kake ƙirga gawarwakin. Ka tsinto waɗanda suka faɗi da ƙarancin wasa, ka tsallake masu wasa da yawa da suka faɗi. Josh Rosen wasa 30 cif ya fara a UCLA, Arizona suka ɗauke shi na 10 a 2018, shekara guda suka sallame shi. Kenny Pickett kaka huɗu yana jan ragamar jami'ar Pittsburgh, Steelers suka ɗauke shi a 2022, kaka biyu suka rabu da shi. Ta ɗaya gefen, Cam Newton kaka ɗaya tak ya yi a Auburn, aka ɗauke shi na farko a 2011, ya zama gwarzon 2015.

Kawun Houston: Rosen bai ci wasa 23 ba Malam, bai cika sharaɗi ba. Pickett kuma na 20 ne, ni goman farko na ce.

Malamin Lissafi: To ka faɗa ramin da ka haƙa, ranka ya daɗe. Patrick Mahomes, gwanin Kansas City, shi ma bai ci 23 ba a jami'a. Wasannin da Texas Tech suka sha kashi da shi sun fi waɗanda suka ci yawa. A shekarar Trubisky ɗin nan da kake kuka da ita, Mahomes ne ya tafi na 10. Ke nan takardar Parcells da ita ma ta hana Chicago ɗaukarsa.

Ɗan Gusau: Malam Allah ya ƙara ilimi. Kawu ya yi tsit.

Hajiyar Columbus: Ku duka kuna ta duba ango, babu mai tambayar gidan da za a kai shi. Tsarin zaɓen nan, ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita ke fara zaɓa. Wato yaron da ya fi kowa suna shi ake jefa wa gidan da rufinsa ke yoyo. Yaya, a garinku aka yi: David Carr, na farko a 2002, sabuwar ƙungiyar Texans ba ta da masu tare masa, sau 76 aka kayar da shi riƙe da ƙwallo a kakarsa ta farko. Wane ma'auni ne zai ceci wannan? Mahomes kuwa ya sauka hannun koci Andy Reid, ya zauna bayan kwatabak Alex Smith kaka guda yana kallo, wasa ɗaya kawai ya fara a 2017. Sam Darnold an gama yi masa jana'iza a Jets, ya je Minnesota a 2024 suka ci wasa 14. Mu nan Columbus ma muna da namu tabon. Burrow ya gaji da bencin jami'armu ta Ohio State ya koma jami'ar LSU, kakarsa ta farko can ba ta tayar wa kowa hankali ba, ta 2019 ya isar da kashi 76 bayan an sauya musu tsarin hari. Yaro ɗaya ne, hannu ɗaya.

Kawun Houston: Hajiya, maganar Carr ta taɓa ni, ina garin nan aka yi. Amma ga amsarki a gida ɗaya, San Francisco, ƙarƙashin koci ɗaya, Kyle Shanahan. Lance na 3 a 2021. Brock Purdy na 262 a 2022, mutum na ƙarshe a zaɓen gaba ɗaya, wanda ya shekara huɗu yana wasa a Iowa State. Rufi ɗaya suka kwana. Wa ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2024? Purdy ya riga ya ga kowane irin tarko na masu tsaro sau ɗari kafin ya zo. Ido ne ke tsufa a fili, ba a allo ake koyar da shi ba.

Hajiyar Columbus: Lance ya karye a idon sawu a mako na biyu na kakar 2022, Yaya. Ba a gwada shi ba balle a ce ya faɗi.

Kawun Houston: Shi ya sa nake cewa kar a sayi abin da ba a gwada ba. Dubi 2024: Jayden Daniels wasa 55 tsakanin Arizona State da LSU, a kakarsa ta farko ya kai Washington wasan da ke gaban Super Bowl. Bo Nix wasa 61, ya shigar da Denver wasannin fitar da gwani nan take.

Ɗan Gusau: Kawu akwai abin da ba ka sa a lissafi ba, kuɗi. Sam Bradford a 2010 an ba shi tabbacin dala miliyan 50 tun bai taka fili ba. Daga 2011 aka ƙayyade albashin sabbi, caca ta yi arha. In ka ɗauki mai baiwa ya fashe, bayan shekara uku ka sake. In ya zama Allen, ka huta shekara goma sha. Wanda ya ɗauki mai hankali marar damtse kuwa sai ya maƙale a tsakiya, bai lalace ya samu zaɓin farko ba, bai kuma ɗauki kofi ba.

Malamin Lissafi: Wannan gaskiya ne ga mai ƙungiya. Kocin da za a kora kafin yaron ya nuna fa? Kuma tun 2021 da aka halatta wa 'yan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansu, da yawa ba sa gaggawar fita, don haka masu wasa 40 za su yi ta ƙaruwa. Ma'aunin Kawu zai daina tace kowa.

Kawun Houston: To na ji. Sharaɗin cin wasa 23 na yafe, saboda Mahomes. Digiri ma na yafe. Amma yawan wasa ina nan. In kun matsa, 25.

Ɗan Gusau: Kai Kawu! Daga talatin zuwa ashirin da biyar, sai ka ce ciniki a Kantin Kwari. Albarka. Newton fa, da kakarsa ɗaya?

Kawun Houston: Newton ya yi kaka guda a ƙaramar kwalejin Blinn, nan Texas, kafin Auburn. Ka haɗa da ita.

Malamin Lissafi: Ko an haɗa bai kai talatin ba.

Kawun Houston: Ai na ce 25. Ni zan fita aiki, Hajiya ki riƙe mini wurina, kar yaran nan su sauko da ni goma sha uku kafin in dawo.