Inshorar Inna ta fi ƙarfin albashina, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfani a Jidda. Mahaifiyata ta baro Madani a Sudan tun Disamba 2023 da yaƙi ya iso garin, yanzu tana kan iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya. Kamfani ya yi mana inshora ni da matata da yara, amma ban da ita. Shekarunta 68, ga ciwon suga. Na je sabunta inshorarta, aka yanka mini kuɗin da ya haura albashina na wata biyu, ga riyal 400 na kuɗin zaman iyali da nake biya wa gwamnati a kanta duk wata. Jiya na tarar tana raba ƙwayar magani biyu da wuƙa, wai don ya daɗe. Wallahi ban runtsa ba. Wani ya ce in ɓoye ciwon a fom. Me kuka gani?

Abu Sadik: Wa alaikumussalam. Kada ka soma, ɗan uwa. Ranar da aka kwantar da ita suka gano tsohon ciwo ne, suna iya ƙin biya. Ka fara tambayar ofishinku ko za su shigar da ita cikin inshorar ma'aikata a riƙa cira a albashinka. Wasu kamfanoni suna yarda.

Malam Na Sinnar: Allah ya ba Inna lafiya. Kamfanin inshora kasuwa yake ci. Idan ka saya wa mutum ɗaya, shi kaɗai ake ɗorawa a sikeli: shekarunsa, cutarsa, sau nawa zai je asibiti. Shi ya sa tsoho ya fi tsada, a daidai lokacin da ƙarfin nemansa ya ƙare. A gida Sudan ka tuna asusun inshorar lafiya na ƙasa, iyali ake yi wa rajista, Diwanin Zakka kuma yana biya wa marasa hali. Tukunya ɗaya ce, kuɗin matashi mai lafiya ke jinyar dattijo. 'Yan ƙasa a nan ma asibitin gwamnati na karɓarsu ba ruwansa da shekaru. Mu baƙi dokar inshorar lafiya ta 1999 ta miƙa mu ga kamfanonin inshora, iyaye kuma ba sa cikin nauyin wanda ya ɗauke mu aiki. Ko Amurka doka ta hana a caji tsoho fiye da ninki 3 na matashi. Ni dai ina ganin duk tsarin da aka ce na kowa ne, matuƙar ya bar farashin tsofaffi a hannun kasuwa, bai kai ba.

Ummu Hanan: Yaya, ka nemi farashi wuri uku ko huɗu, ka duba ajin C, wato ƙaramin ajin inshora mai rahusa, amma ka tabbata asibitin unguwarku yana cikin jerinsu. Kuma ka kira 'yan uwanka, uwa ba taka kaɗai ba ce. Mu adashi muka kafa wa Baba. Yau dai ka karɓe wuƙar nan, ka kai ta a auna sugan.

Mai tambaya: Na gode. Gobe da safe zan shiga ofis, ƙanina na Riyad kuma ya ce zai ɗauki rabi.